Shekara 108 ana jira: abin da wasan besbol ya koya min game da son ƙungiya

  Waɗanda data ba ta kai su saurare ba, ga rubutun shirin nan kamar yadda muka saba.

Yau babu zancen katin zaɓe, babu zancen kwatar unguwa da ta toshe. Yau hirar wasa za mu yi. Kuma ba Firimiya ba, ba Laliga ba. Besbol. E, wasan nan na Amurkawa da ake dukan 'yar ƙwallo da gora. Na san wani ya riga ya ce, "Kai malam, duk matsalolin da muke ciki ka rasa abin kawo mana sai wasan da ko filinsa ba mu taɓa gani ba?" Ku yi min haƙuri kaɗan. Akwai inda zan kai ku, kuma wallahi kafin mu gama za ku ga fuskokin da kuka sani a cikin labarin. Har da tawa.

Ni dai a kullen korona na 2020 na haɗu da wasan nan. An dakatar da ƙwallo ko'ina, gidajen kallo a rufe, mutum ya rasa abin yi da dare. Ina ta yawo a YouTube sai na faɗa kan wani tsohon wasa. Na kalli minti goma ban gane komai ba. Mutum ya tsaya, ya tofar da yawu, ya gyara hula, ya yi jifa, wani ya kai duka bai samu ba, sai dubban mutane su tashi suna ihu. Na ce waɗannan lafiyarsu kuwa? To amma kun san halin mai zaman banza. Na fara neman bayani, yau kaɗan gobe kaɗan, har na zo na kamu.

Bari in gaya muku yadda ake yin sa a taƙaice, don labarin da ke tafe ya zauna muku. Ƙungiya biyu ce, kowacce mutum 9. Ɗaya ta bazu a fili tana tsaro, ɗaya kuma tana turo 'yan wasanta ɗai-ɗai su yi duka. Mai jifa yana tsaye kamar mita 18 daga mai gora, ya wurgo ƙwallo da gudun da kan wuce kilomita 150 a awa. In mai gora ya same ta, sai ya jefar da gorar ya ruga. Akwai tasha uku da zai bi ya zagayo ya dawo inda ya tashi, wurin da suke kira gida. In ya dawo gida, ƙungiyarsa ta ci maki ɗaya. Kamar dai a langa, in ka kai ka sha. Masu tsaro kuma aikinsu su fitar da shi: ko su cafe ƙwallon a sama kafin ta taɓa ƙasa, ko su riga shi kai ta tasha, ko shi ya kasa dukanta sau uku. In aka fitar da mutum uku, sai a yi musanya, masu duka su koma tsaro. Kowa ya yi nasa, an yi turmi ɗaya kenan, in na ari kalmar 'yan dambe. Turmi 9 ake yi. Babu agogon da ke ƙayyade tsawon wasa. Ba wanda zai kwanta a ƙasa yana riƙe ƙafa don cin lokaci. Sai ka fitar da abokan karawarka sau 27 kafin ka ce ka ci wasa.

Abu biyu suka fara ja na. Na farko, a babbar gasar Amurka kowace ƙungiya wasa 162 take bugawa a kaka guda, daga wajen ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba. Kusan kullum akwai wasa. Mu a Firimiya 38 ne, sati-sati. Su kuwa abin ya zama kamar tuwon dare. Direba na tuƙi yana ji a rediyo, tsoho na zaune a ƙofar gida yana ji, yaro ya tashi ya tarar muryar mai sharhi ta zama ɗaya daga cikin muryoyin gidansu. Ƙungiyar da ta fi kowa ƙarfi ma takan sha kashi sau 50 ko 60 a shekara. Saboda haka mai son besbol tun yana yaro ya saba kwana da haushi ya tashi da fata.

Na biyu, gwanin duka, wanda ake biya miliyoyin daloli, in ya fito sau 10 ya yi nasara sau 3, to ya cika gwani. Sau 7 ya koma benci kansa a ƙasa. Mutum na ƙarshe da ya kai 4 cikin 10 a kaka guda shi ne Ted Williams, tun 1941. Wato wasa ne da faɗuwa ta fi nasara yawa a cikinsa, ko ga wanda ya fi kowa iyawa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To a birnin Shikago akwai ƙungiyar da ake kira Cubs. Filinsu Wrigley Field, tsohon fili ne da aka gina a 1914, a tsakiyar unguwa, gidajen mutane kewaye da shi, bangonsa na jan bulo. Sai 1988 aka saka masa fitilun wasan dare, kafin nan da rana kawai ake bugawa. Cubs sun ɗauki kofin ƙarshe, wanda suke kira World Series, a 1907 da 1908. Daga nan shiru. Ku lissafa: 1908 fa, tun kafin a haɗe Kudu da Arewa a 1914. Aka yi yaƙin duniya na ɗaya, aka yi na biyu, aka je wata aka dawo, Cubs ba kofi. Kaka ya mutu yana jira, uba ya gada, ya tsufa yana jira, ya miƙa wa ɗansa. 'Yan Arsenal da ke kukan sun daɗe, ku zo ku ga inda ake haƙuri.

Har camfi suka ƙirƙira. A 1945, lokacin da suka kai wasan ƙarshe, wani mai gidan shaye-shaye ya zo fili da bunsurunsa, har da tikitin bunsurun. Aka kore su, wai wari ya dami mutane. Aka ce mutumin ya yi fushi ya yi wa ƙungiyar baki. Shekara da shekaru Turawan nan masu digiri suna cewa bakin mai bunsuru ne ya kama su. Har bunsuru aka riƙa kawowa fili don a karya abin. Ka ga camfi ba shi da ƙasa.

Amma duk da haka filin cika yake yi. Kuma a nan ne na fara fahimtar wani abu. Yawancin masu son ƙungiya ba su zauna sun zaɓe ta ba. Wani ne ya kama hannunsu ya kai su. Kai da kake ji na, tambayi kanka: wa ya sa ka fara son ƙungiyar da kake so? Ni dai yayana ne. Shi yake biya min kuɗin gidan kallo, in zauna a gabansa a kan benci, in ya yi tsalle in yi tsalle, ban ma san me ya faru ba. Yau yana wani gari da iyalinsa, sai mu yi wata ba mu yi waya ba, amma ranar da aka ci wasa sai na ga saƙonsa. Rabin son da nake wa ƙungiyar nan, son yayana ne.

Yanzu mu zo daren 14 ga Oktoba, 2003.

Cubs na karawa da Florida Marlins a zagayen kusa da na ƙarshe. Wasa 7 ake yi, wanda ya fara cin 4 ya wuce. Cubs sun ci 3. In suka ci na wannan daren, a gidansu, sun kai wasan ƙarshe karon farko tun 1945. An shiga turmi na 8 suna gaba da ci 3 da nema. Saura mutum 5 su fitar, shi kenan. Fili ya cika maƙil, titunan da ke kewaye ma sun cika. Tsofaffi har sun fara share hawaye.

Sai ɗan wasan Marlins, Luis Castillo, ya daki ƙwallo ta yi sama ta karkata gefen hagu, wajen kujerun 'yan kallo. Mai tsaron wannan ɓangaren, Moisés Alou, ya rugo ya yi tsalle jikin bango ya miƙa hannu. To a besbol al'ada ce, duk ƙwallon da ta shigo wurin 'yan kallo ta zama ta wanda ya cafe, ya kai gida ya ajiye abin tarihi. Mutane da yawa a layin suka miƙa hannu. Ta taɓa hannun mutum ɗaya. Wani saurayi ɗan shekara 26, da hular Cubs a kansa, da tabarau, da abin sauraro a kunne yana jin sharhin wasan a rediyo. Ƙwallon ta kuɓuce, Alou bai cafe ba. Ya buga safar hannunsa da fushi yana yi wa 'yan kallo ihu. Alƙalin wasa ya ce babu laifi, tunda ƙwallon ta riga ta tsallaka wurin 'yan kallo.

Ba zan faɗi sunan saurayin nan ba. Duk wanda ya nema zai samu, amma shi ya kwashe sama da shekara 20 yana roƙon a ƙyale shi, ni kuwa ba zan ƙara masa ba.

Ku lura, har lokacin ci 3 da nema ne. Ba a ci Cubs ko maki ɗaya ba. Abin da ya biyo baya 'yan wasa ne suka yi shi. Mai jifa ya rikice. Aka buga wata ƙwallo mai sauƙi wajen ɗan wasansu Alex Gonzalez, wadda da ya riƙe ta da wataƙila an fitar da mutum biyu a lokaci guda an rufe turmin, ta suɓuce masa. Kafin a ankara Marlins sun zuba maki 8 a turmi ɗaya. Aka tashi 8 da 3. Washegari akwai wasa na 7, a gida kuma, wata damar ce sabuwa fil, suka sake faɗuwa.

To amma wa aka kama? Talabijin ta yi ta maimaita hoton saurayin nan, ana nuna fuskarsa kusa-kusa. Waɗanda ke gida suka riƙa kiran waɗanda ke fili suna kwatanta shi. Fili ya juya kansa. Aka fara zaginsa da baki ɗaya, ana jifansa, ana watsa masa giya. Shi kuwa yana zaune bai motsa ba, yana kallon gabansa. Sai da masu gadi suka rufe masa fuska suka fitar da shi. Washegari jarida ta buga sunansa da inda yake aiki. Sai da 'yan sanda suka tsare ƙofar gidansu. Har gwamnan jihar Florida ya yi ba'a cewa in yana neman mafaka ya zo. Ƙwallon kanta aka yi gwanjonta sama da dala dubu 113, aka tara jama'a a Fabrairun 2004 aka tarwatsa ta da nakiya, ana tafi.

Kun san wane ne wannan yaron? Masoyin Cubs ne na gidi, tun yana ƙarami. Yana koyar da yara besbol a lokacin hutunsa. A duk filin nan da wuya a samu wanda ya fi shi son a ci wasan. Ya fitar da takarda ya ba da haƙuri. Aka yi masa tayin kuɗi masu yawa ya fito a talla ko ya yi hira, ya ƙi. Kyaututtukan da aka aiko masa ya ce a kai wa gidauniyar masu ciwon suga. Daga nan ya ɓace daga idon duniya.

Daren da na gama kallon labarin nan ban yi barci ba. Ba don tausayin Bature kaɗai ba. Wani na tuna.

A 2015, ina ɗan shekara 18, an yi gasar unguwanni a garinmu bayan ƙaramar sallah. Unguwarmu ta kai wasan ƙarshe, abin da ba mu taɓa yi ba. Golanmu yaro ne, bai fi shekara 16 ba, ƙanin wani abokina. Shi ya kawo mu wurin, don a wasan kusa da na ƙarshe fenareti biyu ya ture. Ranar wasan ƙarshe ana kunnen doki, saura 'yan mintuna, aka bugo masa wata ƙwallo mara ƙarfi, irin wadda ko a mafarki zai kama. Ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ta shige raga. Aka tashi, kofi ya tafi.

Ni ne na fara cewa "Rariya". Ina tsaye a bayan raga, na ɗaga murya na ce, "Wannan ai ba gola ba ne, rariya ce!" Aka kwashe da dariya, aka ɗauka. Da dare na hau Facebook na saka hotonsa na rubuta sunan a ƙasa. Na ji daɗin yadda mutane suka yi ta dannawa suna turawa. A raina na yi abin dariya, na huce haushi. Ban tuna fenareti biyun nan ba. Ban tuna 'yan gabanmu da suka ɓarar da ƙwallo uku su da gola ba. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na yaron.

Sunan ya bi shi. Yara na binsa da shi a lungu, a makaranta, har a masallaci in ya wuce sai ka ji ana ƙus-ƙus. Bai sake tsaron raga ba. Ni kuwa na tafi jami'a, na zama mai hawa mumbari ina magana kan haƙƙin matasa, na manta da shi sarai. Sai da na ga wancan saurayin zaune cikin mutum kusan dubu 40 ana zaginsa, sannan na gane cewa a labarin nan ni ina cikin masu watsa giya.

Kuma kada mu ce wannan halin Turawa ne ko na 'yan unguwarmu kaɗai. Kun tuna Sani Kaita? Ɗan Kano, a gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, wasanmu da Girka. Muna gaba da ci ɗaya, ya kai wa ɗan wasansu ƙafa a bakin layi, aka ba shi jan kati, aka zo aka ci mu 2 da 1. Ya fita ya rufe fuska da rigarsa. Ya yi kuskure, ba musu. Amma har barazanar kisa aka riƙa aika masa, aka mai da sunansa abin zagi. Haka ma, bayan wasan ƙarshe na kofin Afirka a Fabrairun 2024 da Kwaddibuwa ta ci mu, yadda aka yi wa Alex Iwobi rubdugu sai da ya goge hotunansa a Instagram, har Ahmed Musa ya fito yana roƙon mutane su daina. Wasu daga cikin masu ji na yanzu sun yi rubutu a ranar. Ba sai kun ɗaga hannu ba.

Me ke kawo haka? Ni abin da na fahimta, son ƙungiya so ne na gaske, kuma ciwon faɗuwa ciwo ne na gaske. Duk wanda ya ce maka "ai wasa ne kawai" bai taɓa kasa cin abincin dare saboda ƙwallo ba. Matsalar ita ce ciwon ba shi da inda za a kai ƙara. Ba kai ka buga ba, ba abin da za ka iya canzawa. Mutum 11 ko 9 sun yi kurakurai 20, ga rashin sa'a, ga ƙoƙarin abokan karawa, abin ya yi wa zuciya yawa. Sai ta nemi fuska ɗaya ta ɗora wa. Kuma ba ta zaɓar mai ƙarfi. Ta fi son wanda ba zai iya ramawa ba: ɗan kallo mai tabarau, ko yaro ɗan shekara 16. In kana cikin taro kuma, ko kana bayan waya, sai ka ji kamar naka zagin ɗigo ɗaya ne. Shi wanda ake yi wa, ruwan sama yake gani.

Mu koma Shikago, don labarin bai ƙare a nan ba.

A 2016 Cubs suka kai wasan ƙarshe, suka haɗu da Cleveland, waɗanda su ma rabonsu da kofi tun 1948. Cleveland ta ci wasa 3, Cubs na da 1. Kowa ya ce an gama. Suka ci na 5, suka ci na 6. Ranar 2 ga Nuwamba aka buga na 7. Cubs na gaba da ci 6 da 3, sai a turmi na 8, turmin nan dai na 2003, Cleveland ta farke duka. 6 da 6. Ku yi tunanin zuciyar tsohon da ya ga 2003 da idonsa. Aka gama turmi 9 ba wanda ya ci, sai ga ruwan sama, aka tsayar da wasa minti 17. A wannan ɗan tsakanin wani ɗan wasansu, Jason Heyward, wanda shi kansa bai taɓuka abin kirki da gora ba a gasar, ya tara 'yan uwansa a wani ɗaki ya ƙarfafa musu gwiwa. Suka dawo suka ci maki 2, Cleveland ta rama 1, aka tashi 8 da 7. Bayan shekara 108.

Abin da ya fi taɓa ni ba murnar cikin fili ba ce. A kwanakin nan mutane suka riƙa zuwa bangon Wrigley Field da alli, suna rubuta sunayen 'yan uwansu da suka mutu ba su ga ranar ba. Baba, kaka, miji, aboki. Bango ya cika, har ana hawa tsani don a samu wurin rubutu. Akwai wani dattijo da ya tuƙo mota tun daga jihar North Carolina har Indiana, ya je maƙabarta ya zauna kusa da kabarin mahaifinsa ya saurari wasan, saboda sun yi alkawari tun yana raye cewa duk ranar da Cubs suka kai, tare za su ji. Mu dai addininmu da al'adarmu daban, mamacinmu addu'a muke bin sa da ita. Amma kewar uba iri ɗaya ce a ko'ina. Da na ga hoton bangon nan na gane cewa kofin dalili ne kawai. Mutanen nan iyayensu suke tunawa.

To ka ga abin mamaki. Zuciyar da ta rubuta sunan kaka da alli tana hawaye, ita ce ta watsa wa yaro giya a 2003. Mutanen gari ɗaya ne, wasu ma su ne dai da kansu. So ɗaya ne ya haifi duka biyun.

A watan Yulin 2017 shugabannin Cubs suka kira saurayin nan, wanda lokacin ya doshi shekara 40, suka ba shi zoben zakarun gasa irin wanda ake ba 'yan wasa, da sunansa a jiki. Ba a tara 'yan jarida ba. Ya karɓa, ya yi godiya a rubuce, ya roƙi a yi wa wasu irinsa adalci nan gaba, ya koma rayuwarsa. Abu ne mai kyau. Amma tambayar da ta tsaya min ita ce: da ba su ci kofin ba fa? Sai da muradi ya biya sannan aka tuna an zalunci wani? Shekara 14 ɗin da ya yi a ɓoye, wane zobe ne zai dawo masa da su?

Ni ban jira unguwarmu ta ci kofi ba, don wataƙila mu ma sai mun yi 108. Bayan an buɗe gari na nemi yaron nan. Ya zama magidanci, yana da ɗan shagon gyaran waya a bakin kasuwa. Na tambayi wani mai shayi ina shagon wane, ya ce bai san shi ba. Na kwatanta. Ya ce, "Au, shagon Rariya kake nufi? Ga shi can." Wallahi sai da gabana ya faɗi.

Na yi sallama, ya tashi da fara'a, "A'a, Yaya, kai ne yau a gari? Bismillah, zauna." Ya aika a kawo min lemo. Na rasa ta inda zan fara. Daga ƙarshe na ce, "Ƙanena, wurinka na zo neman gafara. Sunan nan da ake kiranka, ni na fara faɗarsa. Ni na saka hotonka."

Ya yi shiru yana juya wata waya a hannu. Ya ce, "Na sani ai, Yaya. Na ji muryarka ranar."

Na ce, "Ka yafe min don Allah."

Ya ce, "Na yafe tuntuni. Sunan ma yanzu ba ya damuna, har kwastoma yake kawo min." Ya ɗan yi dariya. Sai ya ce, "Abu ɗaya ne dai. Ranar ce kaɗai Baba ya taɓa zuwa kallona. Da ba ya son ina ƙwallo, da ƙyar aka shawo kansa ya zo. Yana tsaye a wurin ana ta faɗa. Da muka koma gida bai ce min komai ba, har Allah ya yi masa rasuwa bai taɓa tayar da zancen ba."

Ban samu abin cewa ba. Na yi wa mahaifinsa addu'a, muka yi sallama. Ya yafe, na gode masa. Amma sunan na nan a bakin mai shayi, kuma ba ni da yadda zan yi in janye shi.

Kafin in rufe, akwai wani abu da na gani a Japan da nake so ku sani, don su ma besbol ne babban wasansu. Duk bazara ana gasar makarantun sakandare ta ƙasa a wani fili da ake kira Koshien, gasar da aka fara tun 1915. Sili ɗaya ƙwale ce, in an ci ku kun tafi gida, kuma ga 'yan ajin ƙarshe shi kenan har abada. Yaran da aka cire sukan jeru su rusuna wa magoya bayansu, sannan su durƙusa suna kuka suna kwasar ƙasar filin suna zubawa a 'yar jaka, su tafi da ita gida. 'Yan kallo kuwa tafa musu suke yi. Ba na cewa Japanawa mala'iku ne, su ma suna da nasu. Amma sun koya wa kansu cewa wanda ya faɗi yana da haƙƙi a kan mai kallo.

Saboda haka ga roƙona, kuma da kaina na fara. Ban ce a daina adawa ba. Gidan kallo ba tsokana ai makaranta ce. A yi ta ja wa juna rai, a yi dariya, gobe a haɗu a sha shayi. Ka ce ɗan wasa bai yi ƙoƙari ba, haƙƙinka ne. Amma daren da aka ci ku, kafin ka saka hoton wani, kafin ka laƙaba masa suna, kafin ka shiga shafinsa ka zagi uwarsa, ajiye wayar ka kwana tukuna. In da safe har yanzu kana ganin ya dace, to. Yawanci ba za ka gani ba. Musamman a gasar unguwa da ta makaranta, inda yaron ba albashi yake karɓa ba, kuma gobe a layinku za ka gan shi. Masu shirya gasa, ku ma in an tashi wasa ku fara zuwa wurin yaron da ya yi kuskure kafin ku je wurin masu kofi.

In kuma akwai wani da ka san ka taɓa yi wa irin abin da na yi, kana da lambarsa ko ka san shagonsa, kada ka jira shekara 6 kamar ni.

A nan za mu dakata. Wanda ke son ganin yadda besbol yake, ya nemi wasa na 7 na 2016 ya fara da shi, amma ya tanadi data da haƙuri, don ya haura awa 4. Ku gaya min wanda ya fara kai ku gidan kallo, zan karanto wasu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Ku tura wa abokin adawarku wannan.